Ƙaramar libarba ta aljihu: daɗin ɗauka, wuyar harbi

In ka shiga shagon sayar da bindigogi a Amurka ka ce kai sabon shiga ne, ko ka ce matarka kake nema wa, ko tsohonka da hannunsa ya fara rauni, wallahi sau da yawa kafin ka rufe baki mai shago ya zura hannu cikin gilashi ya ɗauko maka wata 'yar mitsitsiya mai guntun baki da ganga a tsakiya, ya ce ai ga taku nan, ba ta cijewa, ba ta da wani maɓalli da za a manta, ka nuna ka ja kunama kawai. Abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai rabin gaskiyar ce, ɗaya rabin sai ka je filin gwaji hannunka ya gaya maka.

Libarba ake ce mata, tsohuwar kalma ce da kakanninmu suka ara tun zamanin Turawa, yaran yanzu sun fi sanin fistol. Kuma ba abu ɗaya ba ne. Ita fistol ta zamani harsasanta suna cikin magazin ne da ake cusawa ta ƙarƙashin mariƙi, in ka harba ƙarfin fashewar ne yake tura murfin sama baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, ya ɗauko sabon harsashi, wato bindigar ce take yi wa kanta lodi. Libarba kuwa ganga gare ta mai ramuka biyar ko shida, kowane rami harsashi ɗaya, yatsanka ne yake yin duk aikin, da ka ja kunama gangar ta juya ta kawo rami ɗaya saitin bututu, guduma ta ja baya ta faɗo. Samuel Colt ya yi wa tasa rajista tun 1836, ka ga ke nan fasaha ce ta kusan shekara ɗari biyu amma har gobe ana ƙera ta ana sayarwa.

To me ya sa maganar ɓoye bindiga a jiki ta zama babbar kasuwa a can? Doka ce ta canza. A da yawancin jihohi ko dai sun hana gaba ɗaya ko kuma sai ɗan sanda ya ga dama ya ba ka lasisi, sai a 1987 Filorida ta yi dokar cewa duk wanda ya cika sharuɗa dole a ba shi, jihohi suka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, Illinois ce ta ƙarshe da ta ɗage haramcin ɗauka gaba ɗaya a 2013. Daga nan ma aka wuce wurin, yanzu fiye da rabin jihohi 50 ɗin ba ka ma buƙatar lasisin, Teksas ta shiga sahu a watan Satumba 2021. Sai kuma ranar 23 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Bruen, alƙalai shida a kan uku, ta rushe sharaɗin jihar New York na cewa sai ka kawo wani dalili na musamman kafin a bar ka ka fita da bindiga. Don haka mutane barkatai da ba 'yan sanda ba ne ba soja ba, direbobi, masu shago, ma'aikatan jinya masu tashi aiki ƙarfe biyun dare, duk suna neman abin da zai ɓace a ƙarƙashin riga.

Ita wannan ƙaramar asalinta ta 'yan sandan farin kaya ce. Kamfanin Colt ya fito da Detective Special a 1927, mai cin shida. A 1950 Smith & Wesson suka kai tasu taron shugabannin 'yan sanda, a can aka raɗa mata suna Chiefs Special, suka rage harsashi ɗaya ta koma cin biyar don gangar ta ƙara sirancewa, kuma wannan ƙirar da ake kira J-frame ita ce uwa ga kusan duk abin da ake magana a kai yau. A 1952 suka yi wadda aka rufe gudumarta ruf a cikin jiki, suka sa mata Centennial saboda kamfanin ya cika shekara ɗari. Jikarta ita ce Model 642 da ake gani ko'ina, jikin alminiyam, bututu bai kai inci biyu ba, nauyi wajen gram 410. Ledar fiya-wata ɗaya ta fi ta nauyi. Ruger suka zo da LCR a 2009 wadda wani sashen jikinta roba ne, ita gram 380 da ɗan wani abu. Akwai Taurus ta Burazil ga mai ƙaramin ƙarfi, akwai Kimber K6s ta 2016 mai cin shida ga mai kuɗi. Ba kuma kullum a hannun mutanen kirki take ba, da irinta mai suna Colt Cobra wani Jack Ruby ya harbe Lee Harvey Oswald, wanda ake zargi da kashe shugaba Kennedy, a gaban kyamara a Nuwamba 1963, daga aljihu ya zaro ta a tsakiyar 'yan sanda babu wanda ya lura.

Babban abin da ya sa ake son ta shi ne ana ɗaukar ta ɗin. Kar ka raina wannan maganar. Mutum zai sayi ƙatuwar fistol mai cin sha bakwai, sati biyu yana ɗaure ta a ƙugu tana sukar haƙarƙari in ya zauna a mota, tana jan wando ƙasa, zafin Yuli ya zo ya koma sa 'yar shat da gajeren wando, shi ke nan ta koma durowa. Ita kuwa wannan sai ta shige aljihun gaba cikin ɗan kubenta ka manta da ita, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sannan siffarta ma tana taimakawa, fistol kusurwa-kusurwa ce, ta cikin yadi ana gane shatinta, libarba kuwa duk jikinta lanƙwasa ne da ƙullutu, a aljihu sai ka ɗauka walat ce ko tarin makullai. Amma fa a wajen faɗi gangar ta fi yawancin ƙananan fistol kauri, wajen inci ɗaya da sulusi, su kuma inci ɗaya, to wanda zai cusa ta cikin ƙugun wando zai ji wannan bambancin.

Sai maganar rashin cijewa, wadda a nan ne mai shago ya fi gaskiya. Tunda fistol da ƙarfin harbin take yin lodi, tana buƙatar hannu ya riƙe ta gam, in wuyan hannunka ya yi laƙwas, ko ka ji rauni, ko kana kwance wani ya danne ka, murfin ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba sai kwanso ya maƙale. In aka yi gum da gum har bakinta ya tokari jikin mutum murfin zai iya ja baya kaɗan ta ƙi tashi sam. Libarba ba ruwanta da duk wannan. In harsashi ya ƙi tashi ba sai ka tsaya bubbuga magazin kana jan murfi ba, ka sake jan kunama ganga ta kawo na gaba. Mai rufaffiyar gudumar nan ma ko a cikin aljihun kwat take tana iya tashi sau biyar ba abin da zai kama yadi. Tana jure zaman banza, wata shida a aljihu cikin gumi da zaren yadi da ƙura, ka ɗauko ta yi aiki. Kana buɗe ganga ka ga da harsashi ko babu da idonka, babu zancen na cire magazin ashe akwai ɗaya a ciki, kuskuren da ya jawo harbin ganganci ba iyaka.

Sai dai masu cewa libarba ba ta taɓa lalacewa sun yi ƙari. Ba ta cika tsayawa ba, amma ranar da ta tsaya ta tsaya ke nan. Ƙwayar albarushi ɗaya da ba ta ƙone ba in ta shiga ƙarƙashin 'yar tauraruwar da take turo kwanso sai ganga ta ƙi rufuwa ko ta ƙi juyawa. Sandar turo kwanson tana iya kwancewa da kanta ta kulle gangar. In ta faɗi ta bugu ta gefen ganga abin da yake riƙe da gangar zai iya karkacewa. Cikinta kamar agogo ne, ƙananan ƙarafa ne da dole kowanne ya zo a kan lokacinsa. Cijewar fistol galibi cikin daƙiƙa biyu uku ake warware ta da hannu, ta libarba sai an kai wa mai gyara.

Yanzu bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai wani yayana na zaman gari a nan Teksas, direban babbar mota ne, yakan yi kwana huɗu biyar ba ya gida, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya da barin iyali, ya je wani shago aka ba shi irin shawarar can ta sama ya sayo wa maiɗakinsa mara nauyin nan. Ranar wata Asabar ya ce in raka su filin gwaji. An ba mu abin toshe kunne da tabarau, aka rataya takarda mai hoton inuwar mutum a yadi bakwai, wato taku bakwai zuwa takwas, nisan da in da dutse ne yaro ma ba zai kuskure ba. Hajiya ta riƙe da hannu biyu yadda aka nuna mata, ta fara jan kunama, ina tsaye a bayanta ina ganin bakin bindigar yana rawa yana sunkuyawa ƙasa ta hagu, yatsanta har ya yi fari kunamar ba ta kai ba, can sai tau! Wuta ta fito ta baki ta fito ta gefen ganga, hannunta ya yi sama. Ta sake na biyu ido a rufe. Sai ta ajiye ta a kan teburi a hankali kamar mai ajiye kofin shayi mai zafi, ta duba tsakanin babban yatsa da manuni inda ya yi ja, ta ce Alhaji wannan ai ni take harbi.

Ya yi dariya ya ce kawo ki gani. Ya harba ukun da suka rage, muka danna maɓalli takarda ta taho, rami ɗaya ne a ƙasa can wajen gwiwar hoton, saura ko alama. Ya juyo ya ce ƙanena ko dai bindigar nan bakinta a karkace yake? Na karɓa na gwada biyar, biyu suka shiga, su ma ba inda na nufa ba, kuma tafin hannuna kamar an zabga min ruler a makaranta. Wani dattijo Bature da yake layin kusa da mu ya nemi izini ya karɓa, ya cika ta, ya harba biyar a natse, duk biyar ɗin tafin hannu ɗaya zai rufe su. Ya miƙo ta ya ce shekara talatin yana ɗauke da irinta. Ashe bakinta lafiya lau.

Lissafin abin mai sauƙi ne in ka zauna ka duba. Kunamar irin waɗannan tana buƙatar ƙarfin da ya kai kilo biyar ko fiye kafin ta saki, saboda yatsan ne yake juya ganga kuma yake ɗana guduma a tafiya ɗaya mai tsawo. Kilo biyar fa, kamar ka rataya galan mai lita biyar cike da ruwa a yatsa ɗaya. Ita kuma bindigar ba ta kai rabin kilo ba. Wato kana matsa wa abu ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau goma sha wani abu kuma ana so kar ya motsa ko kaɗan. Fistol irin su Glock kunamarsu wajen kilo biyu da rabi ce kuma tafiyar gajeriya. Sannan ga saiti, tazarar da ke tsakanin ɗan tsinin gaba da tsagar baya gajeriya ce ƙwarai, kuma a yawancinsu tsagar bayan wani ɗan kwari ne kawai da aka fafe a jikin ƙarfen, launi ɗaya da tsinin, da kyar ido yake raba su ko da rana balle da dare, ɗan ƙaramin kuskure a hannunka kafin ya isa takarda ya zama babba. Ga mariƙi da yatsu biyu kawai yake ɗauka, ƙaramin yatsa yana lilo a iska. Ga tokari, tunda babu murfi da sifirin da za su shanye wani abu daga ciki, duk abin da harsashi ya tura baya a ƙashin hannunka yake sauka, kuma iya rashin nauyin bindiga iya zafin dukan.

To abin da yake biyo baya shi ne ainihin matsalar a ganina. Bindigar da ta fi kowace buƙatar atisaye ita ce kuma ta fi kowace sa mutum ya tsani atisayen. Mutum ya harba goma hannu ya yi tsami ya ce ya isa, ya mayar aljihu, shekara ta zagayo bai sake ba, amma a ransa yana ganin yana da kariya. Jiki kuma ya riga ya koyi tsoro, tun kafin ta tashi hannu yake dannawa ƙasa yana jiran duka, abin da ya kai harsashin Yaya gwiwar hoto ke nan. Harsashin da ya kuskure kuma ba ɓacewa yake ba, wani wuri zai sauka, ko motar wani ko tagar wani ko ɗan wani, kuma kotun Amurka kai za ta tambaya. Shi ya sa nake ganin miƙa wa sabon shiga mara nauyin nan a ce ita ce mai sauƙi zalunci ne da ba a yi niyya ba, sauƙin sarrafawa daban sauƙin samun abin da ka nufa daban. Tsohuwar da aka ce ba za ta iya jan murfin fistol ba saboda ciwon gaɓɓai, ita ce za ta ja kilo biyar da yatsa ɗaya sau biyar?

Akwai dabaru da masu ita suke yi. Wasu su canza mariƙi su sa na roba mai ɗan tsawo, sai dai ka ƙara girma ka rage ɓoyuwa. Wasu su shafa wa tsinin gaba jan fenti, har da jan farce na mata. Wasu su koma ta ƙarfe zalla irin Ruger SP101 mai kusan gram 700, dukan ya ragu sosai amma aljihu ba zai ɗauka ba sai ƙugu. Komai ka gyara ta nan sai ya ɓalle ta can.

Harsashin ma da magana. Yawancinsu .38 Special suke ci, wanda yake nan tun 1898. A 1935 aka ƙara wa kwansonsa tsawo aka ƙara ƙarfi ya zama .357 Magnum, kaurin ƙwayar ɗaya ne duk da lambobin sun bambanta, shi ya sa bindigar .357 take cin .38 amma ta .38 ba ta cin .357. Matsalar guntun bututu ita ce ƙwayar tana fita tun albarushi bai gama ci ba, gudu ya ragu, ragowar ta zama wuta da ƙara a waje. Harsashi mai rami a goshi da aka ƙera don ya buɗe in ya shiga yana buƙatar gudu, in gudun bai kai ba sai ya wuce a tsuke, har sai da kamfanoni irin su Speer suka yi na musamman don gajeren bututu. Su kuma masu son a ce da su, sai su sayi irin ƙaramar libarba 340PD mai gram 330 da ɗoriya su cika ta da Magnum. Ban taɓa ganin wanda ya harba wannan haɗin ya juyo yana murmushi ba. Har wani abu yake faruwa, tsabar fizgar da bindigar take yi baya sai ƙwayar harsasan da ke sauran ramuka ta riƙa zamowa gaba daga kwansonta kaɗan-kaɗan, in ta leƙo ta bakin ganga shi ke nan ganga ta daina juyawa.

Sai babbar muhawara, biyar ɗin nan ya isa? Masu ita suna da wata magana da suke maimaitawa, wai yawancin artabun farar hula harbi uku ne, a yadi uku, cikin daƙiƙa uku. Magana ce ta bakin masu koyarwa, ni ban ɗauke ta aya ba, amma dai hankali zai yarda cewa ɗan fashin da ya tare ka a gidan mai don walat ba yaƙi ya zo yi ba, da ya ji ƙara zai nemi hanya. Ɗaya ɓangaren su ce to in su uku ne fa, in biyu daga cikin biyar ɗin sun kuskure fa, wanda mun ga yadda hakan yake da sauƙi. Kuma in biyar ɗin suka ƙare an shiga uku, don sake lodin libarba aiki ne, ka danna sakata, ka turo ganga gefe, ka ɗaga baki sama ka buga sanda kwanso su zubo, a ƙananan ma sandar gajeriya ce ba ta turo su har ƙarshe sai wani ya maƙale ka sa farce, sannan ka juya ta ƙasa ka zura sababbi, ka rufe. Akwai 'yar na'ura mai riƙe biyar a zagaye ta zuba su lokaci ɗaya amma kaurinta kaurin ganga ne a aljihu, akwai kuma ɗan zirin roba mai riƙe su a jere ana sa bibbiyu. Duk wannan da hannu mai rawa, a duhu. Eh, gwanin gasar harbi Jerry Miculek ya taɓa harba shida ya sake lodi ya harba shida cikin daƙiƙa 2.99 a 1999, amma da babbar libarba ta gasa ya yi, kuma shi ɗin mutum ɗaya ne a duniya. Tsofaffin 'yan sandan New York maganin da suka samo shi ne ɗaukar ta biyu, in ta farko ta ƙare a yar a zaro ɗayar, har abin ya zama suna, lodin New York.

'Yan sanda da jini suka koyi wannan darasin. Ranar 11 ga Afrilu 1986 a Miyami jami'an FBI takwas suka tare 'yan fashin banki biyu, cikin 'yan mintuna aka kashe jami'ai biyu aka raunata biyar. Ɗaya daga cikin jami'an, Gordon McNeill, ya harbe shidansa, an harbe shi a hannu, ya yi ta ƙoƙarin sake lodi jini yana kwarara cikin ramukan ganga abin ya gagara. Amma labarin bai tsaya a layi ɗaya ba, don jami'an biyu da suka mutu fistol ce a hannunsu, kuma wanda ya kawo ƙarshen faɗan, jami'i Edmundo Mireles, da libarba ya ƙarasa shi da hannu ɗaya. Duk da haka bayan wannan ne FBI ta juya ga fistol, ta kuma fito da gwajin harsashi da ake bi har yau, a harba cikin wani daskararren abu mai kama da tsoka a ga ya nutse inci 12 zuwa 18. 'Yan sandan New York su ma suka fara komawa fistol a 1993, zuwa 2018 aka sallami libarba daga aikin sintiri gaba ɗaya.

A kasuwar farar hula abin da ya karya mata gwiwa shi ne 2018 ɗin nan dai, lokacin da SIG Sauer suka fito da P365. A da hujjar ita ce ƙaramar fistol shida ko bakwai take ci, to biyar da shida meye marabar, gara wadda ba ta cijewa. Sai ga wata mai girman tafin hannu, faɗin inci ɗaya, nauyi wajen rabin kilo, tana cin goma a magazin da ɗaya a ciki, harsashi 9mm, da saiti na gaske da kunama mai sauƙi. Sha ɗaya da biyar kuma ba wasa ba ne. Sauran kamfanoni duk suka bi. Ga 9mm ya fi .38 araha a shago saboda shi aka fi ƙerawa, wato atisaye ma ya fi sauƙi a aljihu. Amma kunama mai sauƙin nan ita ma da kuɗinta, abin da yake sa ka samu saiti shi ne yake sa yatsan da ya firgita ko igiyar riga da ta shiga kube ta tayar da bindiga. Nauyin kunamar libarba da muke ta kuka da shi, shi ne kuma seftinta, da wuya ta tashi ba ka yi niyya ba. Wanda zai yi shekara ashirin yana sakawa yana cirewa kullum kuma mai yiwuwa ba zai taɓa harba ta kan mutum ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajensa.

Wani abu da masu tallar ba sa so a tayar, a wancan filin gwajin akwai doka a rubuce a bango cewa ba sa ba mutum hayar bindiga in shi kaɗai ya zo kuma bai zo da tasa ba, filaye da yawa haka suke yi. Na tambayi dalili aka ce saboda masu zuwa su kashe kansu. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Bindigar da kullum take kusa, a cike, ba sefti, kusa take da kai ranar da ɓarawo ya zo, kusa take kuma ranar da rai ya ɓaci, ko ranar da yaro ya laluba aljihun wandon da ka rataya. Kar ma wani ya ce ai yaro ba zai iya jan kilo biyar ba, da manyan yatsu biyu suke turawa, bakin yana kallon fuskarsu.

Kafin wani a gida ya fara lissafi, a Najeriya wannan hirar ba ta ma taso ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol a jerin haramtattun makamai, layi ɗaya da mashinga da gurneti, lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake, ba kamar bindigar farauta ba da take ƙarƙashin Sufeto Janar, ko adaka da ta toka da kwamishinan 'yan sanda yake bayarwa, kuma wanda aka kama da ita ɗaurin shekara 10 yake fuskanta. Abin mamaki kwanaki kaɗan bayan hukuncin Bruen ɗin can, a Yunin 2022, gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, hedikwatar tsaro ta fito ta ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ko da an bari ma, harsashi biyar daga bututun inci biyu a gaban masu AK-47 a kan babura ai ba a ma fara ba, ita an yi ta ne don mutum ɗaya ko biyu a tazarar da za ka ji warin bakinsu.

Ni dai in aka tambaye ni wa ta dace da shi, sai in ce wanda ya riga ya iya harbi, ya yarda zai riƙa zuwa fili ko da sau ɗaya a wata yana shan dukan, kuma ya san in ba 'yar wannan ba to ba zai ɗauki komai ba. Da kuma ɗan sandan da yake ɗaure ta a idon sawu a matsayin ta biyu. Yaya dai bai mayar da ita shago ba, ya canza mata mariƙi, ya koma harsashi mai sauƙin tokari irin na 'yan gasa mai shafaffen goshi, yanzu biyar ɗinsa suna shiga faranti a yadi bakwai in ya natsu, ita ce a aljihunsa in ya tsaya shan mai da dare. Hajiya kuwa ta ce ita da bindiga haihata-haihata, ta sa an ƙara sakata a ƙofar baya, ta rataya ɗan gwangwanin feshin barkono a jikin makullin motarta.